Baba Sito da Takalmin da Aka Ce Kada Ya Taɓa

Duk wanda ya zauna a Minna a shekarun da suka biyo bayan samun mulkin kai ya san Andrawus Shekwolo, ko da bai san sunan ba, domin Baba Sito kowa ke kiransa. Ranar Lahadi ake ganinsa da kyau. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa. Sai ya fito cikin kwat ɗin da ta sauko masa har gwiwa, da malafar Turawa wadda kunnuwansa kaɗai suka hana ta rufe masa ido, da sandar gayu a hannu, yana tafe yana amsa gaisuwa kamar sabon Di'o. In da za a tuɓe shi a mayar wa kowa abinsa, abin da zai rage nasa na kansa bai wuce fatar jikinsa da gajeren wando ba. Kwat ɗin ta wani akawu ce da aka mayar Jebba. Malafar ta wani direban jirgi ce da ke Kafanchan. Sandar kuwa mai ita yana can Zariya yana ɗingishi. Kuma duk cikinsu ba wanda zai ce an cuce shi, don tun ranar da suka kawo ajiya ya gaya musu haka zai yi.

A wani ƙauye kusa da Paiko aka haife shi, gidan manoman doya. Tun yana saurayi aka gane shi da garma ba sa ga maciji. Ubansa zai kai ƙarshen gona ya waiwayo, ya hango Andrawus tsaye a kan tulin doya na farko, ya dafa ƙota yana kallon tsuntsaye. Da faɗa ya yi yawa sai ya tsere Minna, ya shiga lebura a rumfar kaya ta tashar jirgi. A can ma ya fita daban, don shi a kafaɗa yake ɗaukar kaya kamar yadda iyayensa mata Gbagyi ke yi, ya ce kai sarkin jiki ne, ba a ɗora wa sarki buhun gyaɗa. Sauran leburori suka yi ta tambayarsa me ke cikin kan da ake lallaɓawa haka. Bai kula su ba, ya ci gaba da aikinsa har bayansa ya fara yi masa gardama.

Ashe akwai abu a cikin kan. Shekarun da ya yi a tasha ya lura da wata matsala ta ma'aikatan reluwe. Yau mutum yana Minna, gobe an ce ya tattara ya koma wata tasha a tsakiyar daji inda ɗaki ɗaya za a ba shi. Sai ya bar gadonsa da kabad da keken ɗinkin matarsa a wurin maƙwabci. Ya dawo bayan shekara biyu ya tarar gara ta cinye kabad, keken ɗinki ya bi wata ƙanwa gidan miji, gadon kuma matar maƙwabci ta haihu a kai har sau biyu, yanzu in ka ce naka ne kai ne mara kunya. Akwai wani tsohon sito a bayan layin dogo da wani kamfanin sayen kaɗanya ya tashi ya bari, rufin kwano, daɓen siminti. Andrawus ya yi ta zirga-zirga har aka ba shi haya, ya share, ya toshe ramuka, ya zauna a ƙofa yana jiran wanda za a yi wa canjin aiki.

Sana'ar kuwa ya iya ta, kada gayun Lahadi ya ruɗe ka. Ba ya yarda kayan kowa su taɓa ƙasa. Tsofaffin katakon layin dogo ya samo ya jera, a kansu ake ɗora komai. Ƙafafun gado da na kabad kowace tana tsaye cikin gwangwani mai baƙin mai, don gara ta zo ta ga ba hanya ta koma inda ta fito. Ba ya jingina kaya da bango, katifun rimi kuma ba sa sati ba su sha rana ba. Kayan kowa da kusurwarsa, an ɗaure su da tsumma mai launi ɗaya, kuma ba a taɓa jin ya ba Musa langar Isa ba. Yana da wata ƙatuwar kyanwa da ya sa wa suna Sufeto, wadda ta fi 'yan doka kama ɓarawo, ga shi ba ta karɓar goro.

Amma a wurin Andrawus babban abokin gaban kaya ba gara ba ce, ba ɓera ba ne, ba yoyon kwano ba ne. Zaman banza ne.

"Kaya yana da rai," in ji shi ga duk wanda ya kawo ajiya. "Ka kulle mutum a ɗaki shekara guda, ba fita ba motsi, ka buɗe ka ga abin da za ka samu. Haka keke yake, haka agogo, haka wando. In ka ba ni, zan motsa shi. In ba ka so, ga hanya, kai wa maƙwabcinka."

Kuma yana motsawa ɗin, tsakaninsa da Allah. Da safe ya bi agogunan bango ɗaya bayan ɗaya ya wana su, kowanne da ra'ayinsa game da lokaci, wannan ya buga sha biyu wancan ya ƙaryata shi da uku. Ya fito da kekuna ya zaga da kowanne har bakin kasuwa. Ya zauna a kowace kujera ya yi lilo, ya kunna garmaho ya saurari waƙar da bai san yarenta ba, fuskarsa a ɗaure, don aiki yake yi. Shi da matarsa Rifkatu ba su taɓa sayen gado ba, amma sai dai su zaɓi wanda za su kwana a kai. 'Yarsu Sara ma a gadon wani shugaban tasha aka haife ta. Da aka tuna masa cewa wannan shi ne laifin da yake zagin maƙwabta a kai, ya ce su sata suka yi, shi kuwa da izini.

Rifkatu 'yar kudancin Zariya ce, doguwa, bakinta kamar reza, kuma ita ce ke taka kekunan ɗinkin ajiya, har ta zama tela ba tare da ta mallaki ko allura ba. Takan dube shi ta ce, "Baban Sara, kayan aro ba ya rufe katara."

"Wa ya ce miki aro ne? Aiki ne," in ji shi daga saman katifu uku. "Kin ga ina jin daɗi? Wahala nake sha."

Mutanen gari suka ce an ba kura ajiyar nama. Sai dai kurar nan tana mayar da naman, har da ƙari. Mutum ya dawo ya tarar agogonsa yana tafiya, kekensa yana sheƙi, kwat ɗinsa ba ƙwaro ba wari, in ban da ɗan ƙamshin man kaɗanya a wuya. Asirin abin shi ne kayan suna da yawa, masu su kuma ba sa daɗewa, don haka kafin ya ci ƙarfin abu mai shi ya zo ya karɓa. Daga nan ya samo kirarin da yake yi wa kansa, yana bugun ƙirji: "Ba abin da ya taɓa mutuwa a hannuna." Ba shi da gona, ba shi da gida, ba shi da gado. Wannan magana ita ce duk dukiyarsa, kuma ya fi son a kira shi ɓarawo da a ce kaya sun lalace a sitonsa.

Abokinsa na kusa shi ne Philip, mutumin Gabas, makanikin kan jirgi a loko, wato wurin gyaran jiragen ƙasa. Da yamma su biyun sukan zauna gindin mangwaro su buga dara, kowa yana zargin ɗan'uwansa da maguɗi, kuma duk gaskiya suke faɗa. Philip ya iya Hausa ta kasuwa, irin wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Mutum ne mai tattali, har tattalin ya yi masa yawa. Yana da wani takalmi sau-ciki, ruwan ƙasa, na fata mai kyau, da ya sayo a Legas. Takalmin yana kuka. In aka taka sai ya ce ƙiiƙ, ƙiiƙ, kuma a zamanin nan takalmin da ba ya kuka ai silifa ne. Amma takalmin nan bai taɓa ganin rana ba. Sai dai Philip ya shimfiɗa tabarma a ɗaki, ya sa shi, ya taka daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gado, ya cire ya goge ya mayar cikin kwali. Andrawus ya sha ganin wannan fareti da idonsa, matar Philip ɗin, Mabel, tana gefe tana dariya har da riƙe ciki.

"Madam bai gane ba," in ji Philip. "Ranar da aka ba ni fomen, na zama shugaban makanikai, zan sa shi, in taka daga kwatas har loko, kowa ya ji."

"Kafin nan ya mutu," in ji Andrawus. "Ba ni shi in ɗan motsa maka."

"Wannan ƙafar taka mai kama da doya? Allah ya kiyaye."

Shekarar sittin da shida ba ta zo da wasa ba, kuma babu abin dariya a cikinta. Wajen ƙarshen damina ƙasa ta rikice, labarai marasa daɗi suka yi ta sauka da kowane jirgi, mutanen Gabas suka fara tattara abin da hannu zai iya ɗauka suna neman hanyar gida. Mutanen da aka yi shekaru ana cin tuwo tare suka koma kallon juna da tsoro. Wata safiya Philip da Mabel suka turo amalanke har ƙofar sito: gadon ƙarfe, keken ɗinki, agogon bango, akwatin ƙarfe, tukwane, tabarma. Andrawus ya shigar da su kusurwar da ta fi ko'ina bushewa, ya ɗaure da jan tsumma, bai yi wa'azinsa na kullum ba. Daga ƙarshe Philip ya miƙo kwalin da ya rungumo a hammata.

"Baba Sito, duk sauran ka yi haukanka a kai. Ka kwana a gado, Mama ya taka keke. Amma wannan, kada ka motsa shi. Ka rantse."

Andrawus ya rantse.

"Kafin Kirsimeti na dawo," in ji Philip. "Ka ajiye mini darar, kada ka saci ƙwaya."

Kirsimeti ta zo ta wuce. Ista ta wuce. Damina ta sake sauka, sai ga yaƙin basasa. Kwalin yana can saman akwati, Andrawus yana wucewa ta gabansa yana kawar da kai kamar mai azumi a rumfar mai tsire. Ran nan dai ya ce bari ya leƙa, ai leƙe ba motsi ba ne. Yana buɗewa ya ga funfuna ta yi wa takalmin kore shar, fatar ta fara ƙandarewa, hancin na dama ya ɗaga sama. Ya zauna daɓas. In ya cika rantsuwa takalmi ya mutu a hannunsa. In ya ceci takalmi ya ci amanar aboki. Ya yi ta juya abin a ransa, daga bisani ya yanke cewa Philip makaniki ne, ƙarfe ya sani, bai san fata ba, kuma rantsuwar da aka yi wa jahili ba ta kama mutum sosai.

Ya goge shi, ya shafa man kaɗanya, ya zura ƙafa. Abin haushi, ƙafar mai kama da doya ta zauna ɗas kamar don ita aka yi shi. Ya shimfiɗa tabarma ya taka daga gado zuwa ƙofa, takalmi ya ce ƙiiƙ, ƙiiƙ. Ya ce iyakarsa ke nan, tabarma kawai. Bayan sati biyu ya lura fata tana son iska, ya taka har gindin mangwaro. Daga nan ya gano cewa takalmin Kirista ne, bai kamata a hana shi sujada ba.

Ranar da ya fara shiga majami'a da shi, sai da mawaƙa suka ɓata baiti. Da aka zo baiko, lokacin da kowa ke fita ya saka kuɗin sadaka, ya tashi daga bencin ƙarshe, inda ya zauna da gangan, ya taka har gaba a hankali, ya dawo, sannan ya tuna wai akwai abin da ya manta bai saka ba, ya sake komawa. Lahadi ta gaba fasto ya yi wa'azi mai zafi a kan girman kai, yana yi yana kallon ƙasan benci. Andrawus ya yi ta gyaɗa kai yana cewa amin, don a ganinsa da wasu ake.

Daga nan takalmi ya shiga duniya. Ya je bukukuwan aure da na suna, na Kirista da na Musulmi, ya je kasuwar Beji, ya je jana'izar ƙanin uban Andrawus a Paiko, inda aka fi kallonsa fiye da gawar. Ya yi rawa a bikin Sara har ƙura ta rufe shi. Akwai kuma inda yake zuwa da Andrawus ba ya son a yi maganarsa. Duk ranar da jirgin kudu zai shigo, sai ya taka zuwa tasha ya tsaya a ƙarshen dandamali yana duba fuskokin masu sauka, ya jira har taragon ƙarshe ya wuce, ya juyo gida. In Rifkatu ta tambaya ya ce takalmi ne ke son tsakuwa. Gaskiyar magana kewar abokinsa yake yi, kuma ba wanda ya ƙara buga dara da shi a gindin mangwaron nan.

A shekarun nan ne masu ido a kan kayan mutane suka fara kewaya siton. Wani dillali mai suna Jiya ya fi kowa naci. Ran nan ya shigo ya shafa keken ɗinkin Mabel ya ce, "Baba Sito, masu kayan nan fa ba za su dawo ba. Ka sallama mini, kowa ya samu na cefane. Kai ma ai ga shi ka fara cin gadon tun daga ƙafa." Andrawus ya waiwaya ya zaro wata taɓarya ta ajiya, wadda dama ta kwana biyu ba a motsa ta ba, ya bi Jiya da gudu. Suka tsallake layin dogo, suka ratsa masu sayar da rake, Jiya yana ihu yana kiran sunan uwarsa. Kayan sun tsira, ba dillalin da ya ƙara leƙowa. Amma a kan tsakuwar layin nan ƙasan takalmin dama ya ɓare, ya buɗe baki kamar kada.

Wani shumeka na bakin kasuwa mai suna Kudu ya juya takalmin sama da ƙasa ya ce, "Baba Sito, wannan ba gyara yake so ba, addu'a yake so." Duk da haka ya yanko tsohuwar tayar mota ya buga masa, ya ɗinke gefen da ya tsage da zare baƙi, don ruwan ƙasa ya ƙare. Na hagu ma bai daɗe ba ya bi sahu da faci a wajen ƙaramin yatsa. Tun daga ranar na dama ya yi shiru. Na hagu kaɗai ke kuka, sai tafiyar Andrawus ta koma ƙiiƙ, shiru, ƙiiƙ, shiru. A lokacin ne ya gane abin da ya yi. Dabararsa ta masu shekara ɗaya ce ko biyu, ba ta taɓa gamuwa da mai ajiyar da ya daɗe haka ba, ga takalmin ɗaya ne tal ba shi da abokin karɓa-karɓa. Garin ceto ya kashe shi.

Da yaƙi ya ƙare a farkon shekarar saba'in, mutane suka fara dawowa jefi-jefi, a rame, ba kaya sai ƙullin tsumma. Waɗanda suka yi ajiya a sito suka tarar da abinsu cif. Wata mata ta rungume kabad ɗinta ta yi ta kuka. Kowa yana sa wa Baba Sito albarka, shi kuwa hankalinsa yana tasha, domin kowane jirgi zai iya sauke Philip. Yana son ya gan shi fiye da komai a duniya, yana kuma tsoron ranar fiye da komai. Ya bi kantunan Minna bai ga irin takalmin ba. Ya aiki wani gadin jirgi ya duba masa a Kaduna da Legas, aka ce an daina yayinsa. Ya yi tunanin ya ce ɓera ne, sai ya ga wannan ai cin mutuncin Sufeto ne da nasa. Daina sawa kuma ba zai yiwu ba, don in ya daina fatar ta bushe ta tsage, ya yi biyu babu.

"Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa," in ji Rifkatu.

Sai ya shirya jawabi. Kullum ya tsaya gaban madubin wata dirowa ta ajiya ya maimaita shi. Jawabin ya fara tun daga Adamu da Hauwa'u, ya bi ta kan halin fata da halin funfuna, ya ratsa ta kan Jiya da taɓarya, ya ƙare da nuna cewa in aka bi diddigi Philip ne ya kamata ya yi godiya. Ya san Philip zai yi ihu, ya kira shi ɓarawon dara, ya zagi ƙafarsa mai kama da doya. Ya shirya wa duk wannan, har yana marmarinsa.

Wata Lahadi a daminar saba'in da ɗaya, Rifkatu ta riga shi dawowa daga majami'a, shi ya tsaya surutu a hanya. Ya iso sito yana taku, ƙiiƙ, shiru, ƙiiƙ, shiru, ya shiga daga hasken rana zuwa duhun ciki. Wata mace siririya tana zaune a bakin gadon ƙarfen da ke kusurwar jan tsumma, ta ba ƙofa baya, Rifkatu tana kusa da ita. Da jin kukan takalmin matar ta zabura ta miƙe, ta juyo da sauri har kofin ruwan da ke hannunta ya faɗi. Andrawus ya ga fuskarta ta haskaka gaba ɗaya, bakinta ya buɗe zai kira suna. Sannan ta ga gajeren mutum cikin doguwar kwat, hasken ya mutu a kan idonsa. Mabel ce.

Jawabin nan da ya yi wata da watanni yana haddacewa ya bi iska. Ya ce, "Madam, sannu da hanya. Ina Oga?"

"Ba zai zo ba, Baba."

Ta koma ta zauna. Ta faɗi abin a taƙaice, kamar wadda ta gaji da faɗa. Ciwo ne ya kama shi a shekara ta biyu ta yaƙin, a wani ƙauye da ba nasu ba, ba magani, ba abinci. Kafin nan sun yi tafiyar ƙasa mai tsawo, daga wannan gari zuwa wancan.

"Ƙafarsa duk ya fashe," in ji ta. "Yana tafiya yana cewa, Madam, gara da na bar takalmin wurin Baba Sito. Da wannan hanya ya cinye shi. Yanzu yana can cikin kwali, lafiya lau."

Andrawus ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bai taɓa jin kunya irin wannan ba, kuma kunyar ta haɗu da baƙin ciki har ya rasa wanne zai fara ji. Ya durƙusa, ya kwance igiya, ya cire takalmin ya ajiye a gabanta, da tayar motar da baƙin zaren da facin, ba abin da ya ɓoye.

"Na rantse masa, na karya," ya ce. "Ni na kashe shi. Ba gara ba, ba ɓera ba. Ni ne."

Mabel ta ɗauki na dama ta juya, ta daɗe tana kallon zanen tayar. Ta ce, "Ina da ina ya je?"

Ya ɗago kai, bai gane ba.

"Takalmin. Ina ya je?"

Ya fara lissafawa da ƙaramar murya, kamar mai amsa laifi a gaban alƙali. Majami'a. Kasuwar Beji. Jana'iza a Paiko. Bikin Sara. Rifkatu ta karɓe, ta ba da labarin baiko sau biyu da wa'azin fasto, ta kwaikwayi ihun Jiya. Mabel ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda take yi a da tana riƙe ciki, hawaye kuma suna zuba ba ta share ba.

"Da tasha," in ji Rifkatu a hankali. "Duk jirgin kudu sai ya je tasha."

Mabel ta share hawayenta ta ce, "Shi ko bakin ƙofa bai kai shi ba. Yana ta jiran rana."

Ta duba sauran kayan. Agogo yana tafiya, keken ɗinki yana juyawa da ɗan yatsa, ba tsatsa ko ɗigo, ta ce da shi za ta ci abinci. Da Andrawus ya ɗauko kwalin zai saka takalmin, ta riƙe hannunsa.

"Wannan ajiya ne, Baba. Ba ni da ƙafar da zan ba. Ka ci gaba da motsa shi." Ta saki hannunsa. "Amma ka yi mini abu ɗaya. Akwai tabarma?"

Tabarma kam akwai, ta mutane da yawa. Ya zaro tasu daga kusurwar jan tsumma ya shimfiɗa daga gadon zuwa ƙofa. Ya sa takalmin ya ɗaure igiya. Mabel ta gyara zama a bakin gadon, ta ɗora hannuwa a cinya, ta rufe ido.

Ya taka daga gado zuwa ƙofa, ya juyo daga ƙofa zuwa gado, yana danna ƙafar hagu da ƙarfi don kukan ya fito sosai. Rifkatu, wadda ba a taɓa yin abu ta rasa abin cewa ba, ta tashi ta fita duba tukunyar da ba ta ɗora ba. Shi kuwa ya ci gaba da kai da komo a kan tabarmar, yana jira Mabel ta ce ya isa, ita kuma ba ta buɗe ido ba.